Sun haddace ma'anar tunani, tunanin ne ba su yi ba

Malam Mai Alli ya rubuta:

Assalamu alaikum. Malamai 'yan'uwana, wata matsala ce ta sha mini kai, na ce bari in baje ta a nan ko wani ya taɓa cin karo da irinta.

Shekarata 11 ina koyar da darasin Gwamnati a wata sakandaren maza a cikin birnin Kano. Ajin da zan yi magana a kai SS2 ne, yara 87 a rajista. Benci ɗaya mutum biyar, waɗanda ba su sami benci ba su hau taga. Darasi minti 40 ne, kafin a gama hayaniya a zauna biyar sun tafi.

A jarabawar zangon da ya wuce na sa musu tambaya ɗaya wadda ba daga littafin tsofaffin tambayoyi na kwaso ta ba. Na ce tsarin mulkin Richards na 1946 ya kasa Najeriya shiyya uku, Arewa da Yamma da Gabas. To a ganinka wannan ya kusanta 'yan ƙasa da juna ne ko ya nesanta su, kuma mene ne dalilinka? Wallahi da na zauna yin maki sai da na ajiye jan biro na dafe kai. Kusan kowa ya zayyano mini siffofin tsarin mulkin tiryan-tiryan yadda na rubuta a allo, har da inda na manta ban sa waƙafi ba. Tambayar da na yi kuwa ko kallonta ba a yi ba. Yaro ɗaya ne ya rubuta da fensir a ƙasan takardarsa, da Hausa: "Malam wannan ba ta cikin not."

Shi ya sa da aka dawo hutu na ci alwashin sai na koya musu tankaɗe da rairayar magana. Kwana biyu na yi ina shiri. Na rubuta ma'anar tunani mai zurfi a allo, na jera matakai biyar: a fahimci abin da aka ce, a binciki tushen labari, a nemi hujja, a saurari ɗaya ɓangaren, sannan a yanke hukunci. Suka kwafa tsaf. Bayan mako guda na yi musu gwaji, sama da 60 suka cinye makin duka. Na koma gida ina jin kaina, har uwargida sai da ta sha labari.

Ranar Alhamis ta makon, monitan ajin, wanda yake cikin masu cikakken maki, ya same ni a ɗakin malamai da wayar yayansa a hannu, baki har kunne. Wai gwamnatin tarayya tana raba wa kowane ɗalibi naira 50,000, a danna wani adireshi a sa suna da lambar asusu da lambar BVN, sannan a tura wa mutum 15. Ya riga ya sa na yayansa, ya tura wa 15 ɗin, ni ma alheri ya zo yi mini. Na ce masa, mene ne mataki na biyu? Ya ƙame kamar soja ya ce, a binciki tushen labari. Na ce to ka bincika? Ya dube ni da mamaki, mamakin gaskiya ba na raini ba, ya ce, "Malam ai wannan ba jarabawa ba ce."

Sai na sauya salo, a nan kuma na ɓaro wa kaina aiki. Na daina rubuta matakai, na koma ce musu duk wanda ya faɗa muku magana ku ce ina hujja. Kullum in na shigo sai mun maimaita ta kamar taken makaranta. Wani yaro ya ɗauki abin ya kai gida. Mahaifinsa ya gan shi da kwalbar lemo bayan ya gama shan mangwaro, ya ce ajiye, haɗa su yana kisa. Yaro ya ce, "Baba ina hujjarka?" A gaban baƙi kuma. Ranar Litinin uban ya bar rumfarsa ta hatsi a Dawanau ya zo makaranta, shugaba ya aika a kira ni. Da ma faɗa ya yi, da ya fi mini sauƙi. Cikin sanyin murya ya ce, "Malam, karatu muka kawo su ku koya musu. Tsaurin ido in suna so akwai shi a tasha kyauta." Ban sami abin cewa ba sai ban haƙuri. Na san mangwaro da lemo ba sa kisa, amma na kuma san abin da yaron ya yi ba shi nake nufi ba.

A ajin kuma yanzu kalmar ta zama abin wasa. In na ce an sami 'yancin kai a 1960 sai wani daga taga ya ce ina hujja, a kwashe da dariya, minti uku sun salwanta. Da ina da aku 87. Yanzu ina da aku 80 da 'yan gardamar teburin mai shayi guda bakwai.

To malamai, wace irin atisaye ake yi wa yara masu yawa haka cikin minti 40 har abin ya bi su waje? Kuma ta yaya zan koya wa yaro tambaya ba tare da na mayar da shi mara kunya a gidansu ba?

Uwar Gwaji ta amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, monitan nan ya ba ni dariya, amma gaskiya ya faɗa maka. A matsayin not ka ba shi, shi kuma ya ajiye inda ake ajiye not. Tuƙin tuwo ba a koyonsa da baki, sai an riƙe muciya an yi gudaji sau da yawa.

Ni kimiyya nake koyarwa a makarantar mata a Zariya, kuma ɗakin gwajinmu suna ne kawai, kaza ma ta taɓa yin kwanci a ciki. Kayan aikina daga gida nake ɗaukowa: faranti, kyandir, kofin gilashi, da ruwa da na ɗiga wa bula don na baya su hango. Kafin in ƙyasta ashana kowace yarinya sai ta rubuta abin da take zaton zai faru da dalilinta, kuma da biro, ban yarda da fensir ba. Sai in kafa kyandir a tsakiyar ruwan, in kunna, in kifa gilashi. Wuta ta mutu, ruwa ya hau cikin gilashin. In na ce me ya sa, masu ƙoƙarin ajin nan take za su ce wutar ta cinye oksijin, ruwa ya maye gurbinsa, har su ƙara da cewa oksijin kashi 21 ne cikin 100 na iska. Haka yake a littattafai da yawa, haka aka koya mini, haka ni ma na koyar shekara huɗu ban taɓa ɗaga gira ba.

Sai in ce madalla. In haka ne, in na kunna kyandir uku a ƙarƙashin gilashin nan, ruwan zai wuce inda ya tsaya ɗazu ko a nan zai tsaya? Ku rubuta. Wadda ta bi maganarta da gaskiya dole ta ce a nan zai tsaya, tunda oksijin ɗin da yake cikin gilashin bai ƙaru ba. Sai a kunna uku, ruwa ya wuce alamar farko kowa yana gani. Nan ajin yake yin tsit. Ba na ba su amsa ranar, ko sun roƙa. Mako na gaba in mun maimaita akan sami wadda ta lura cewa ruwan ba ya hawa sosai sai bayan wutar ta mutu, wata kuma ta ga kumfa tana fita ta ƙasan gilashin lokacin da aka kifa shi. Daga nan su da kansu suke lalubo zancen zafi: iska ta ɗau zafi ta buɗe, wata ta tsere, da sauran ta huce ta tsuke sai ruwa ya shigo.

Amma minti biyar na ƙarshe sun fi mini gwajin kansa. A bayan littafin kowacce mun ware shafuka muna ce musu shafin waiwaye. Layi uku kawai. Na zata kaza. Na ga kaza. Abin da ya sa na sauya ra'ayi, ko na ƙi sauyawa, shi ne kaza. Ba na ba da maki don hasashe ya dace, makin a layi na uku yake. Da farko ƙarya za su yi maka, kowacce ta ce tun farko ta sani, dalilin biro ke nan. Ba zan iya karanta littafi 70 ba, goma nake ɗauka kowane mako kuma ba su san na wa zan ɗauka ba. Biyu nake karantawa a gaban aji ba tare da suna ba, kuma na wadda ta yi kuskure ta gano inda ta kauce nake zaɓa, ba na wadda ta canka daidai ba. Sai da muka yi kusan zango guda kafin su yarda cewa rubuta "na yi kuskure" ba zai ja musu bulala ba.

Ɗan Lissafi ya amsa:

Malam Mai Alli, kar ka ji haushina. Mai yin makin WAEC da NECO takardar amsoshi ce a gabansa. An ce a kawo dalilai biyar, ya ƙirga biyar ya wuce. Yaron da ya zauna yana "a ganina" lokaci ne zai ƙure masa. JAMB kuwa zaɓi ne daga A zuwa D, ba ta tambayar ra'ayin kowa. Iyayen nan sakamako suke jira. In ka cinye zango kana waiwaye, ranar da masu duba makarantu suka buɗe jadawalin aikinka kai ne za ka yi waiwayen.

Abu ɗaya na yarda da shi: kar a ware masa darasi, a cusa shi cikin abin da dole a koyar. Ni in na zo babin ribar da take hawa kan riba, MMM nake kawowa, wadda ta yi wa mutane alkawarin kashi 30 cikin 100 duk wata har ta kulle asusunsu a Disambar 2016. In ce wani ya zuba naira 10,000 bai cire komai ba, ku lissafa mini. Shekara ɗaya wajen 233,000. Shekara uku ta haura miliyan 126. Sai in tambaye su, wace sana'a ce a Kantin Kwari ko Singa take haihuwa haka? In babu, kuɗin daga aljihun wa suke fitowa? Na koyar da babina, sun sami abin rubutawa a jarabawa, kuma wataƙila wasu su tuna ranar da aka zo musu da irinta da sabon suna. Fiye da haka ba ni da lokaci.

Tsohon Malami ya amsa:

Ɗana, jikata ce take karanta mini rubutunku, ita ce kuma take rubuta wannan, in an ga kuskure nata ne. Na koyar da Larabci da addini shekara 35 kafin in ajiye aiki, kafin nan kuma na yi zaman zaure.

Mahaifin yaron nan bai zalunce ka ba. Wuƙa ka ba yaro ba ka ba shi kube ba. A zaure ana tambaya, har irin wadda take sa malami ya rufe littafi ya ce sai gobe in na duba. Amma ban taɓa jin wanda ya ce Malam ina hujjarka ba. Cewa ake yi, "Allah gafarta Malam, akwai ishkali," ko kuma, "Na ga kamar a Risala an faɗe shi ta wata fuska, ko ni ne ban fahimta ba." Tambayar ita ce dai, ba a rage mata ƙarfi ba, amma mai tambaya ya ɗora rashin sanin a kansa ya bar wa babba mutuncinsa. Da yaron ya jira baƙi sun tashi ya ce, "Baba, maganar mangwaron nan a ina ka ji ta, ko ka taɓa ganin wanda abin ya sama?" da hira za su yi. Wannan lafazin shi ma darasi ne. Ka rubuta shi a allo, su gwada shi a kan junansu har bakinsu ya saba, kuma ka gaya musu lokacin tambaya yana cikin tambayar.

Sannan kada ka bari yaran su ɗauka bin diddigi kayan Turawa ne da boko ya zo da shi. In suka ɗauka haka, tare da rigar makaranta za su riƙa tuɓe shi. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat umarni ce cewa in fasiƙi ya zo da labari a yi bincike, don kada a cuci mutane cikin rashin sani a wayi gari ana nadama. Abdullahi ɗan Mubarak, Imamu Muslim ya kawo maganarsa a gabatarwar Sahihinsa, ya ce isnadi, wato jerin waɗanda aka karɓo magana daga gare su, yana cikin addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Malaman hadisi ba sa tsayawa a kan wane ya ce. Sai sun tambaya wa ya gaya masa, sun taɓa haɗuwa kuwa, yaya haddarsa take, an taɓa kama shi da ƙarya? Monitanka ya ji wannan a Islamiyya. Bai dai taɓa zaton ya shafi saƙon waya ba, don ba wanda ya taɓa haɗa masa su.

Ga kuma wanda ya dace da darasinka. Bayan masu jihadi sun ci Birnin Ngazargamu, babban birnin Barno, a 1808, Shehu Muhammadul Amin El-Kanemi ya rubuto yana tuhumar dalilin yaƙar Barno. Ya ce mutanen nan suna salla, suna azumi, suna ba da zakka. Abubuwan da ake zarginsu da su, irin cin hanci da fitar mata ba lulluɓi, saɓo ne, saɓo kuwa ba ya kafirta mutum, kuma akwai irinsa a Masar da Sham ba a ce ƙasashen kafirci ne ba. Muhammadu Bello ya mayar masa da amsa, babban abin da ya kafa a kai shi ne sarakunan Barno sun taimaki sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Abin da nake so ka lura da shi, Bello bai ɓoye wasiƙar abokin jayayyarsa ba. Ya kwafe ta cikin Infaƙul Maisuri da ƙarfinta, sannan ya amsa. Na sha raba aji biyu in ba su wannan. Ba don su yanke wa magabata hukunci ba, ba su kai ba, ni ma ban kai ba. Don dai su ga malamai biyu sun saɓa, kowa ya kawo hujjarsa a rubuce, ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa yi mini shiru.

Hadda kuma kar ka kushe ta a gaban yara, na ji kana ce musu aku. Wanda bai ajiye komai a ka ba, da me zai auna abin da aka kawo masa? Mudu ba ya awo sai da hatsi.

Mushe Ɗan Damagaram ya amsa:

Ina gaida Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni falsafa nake koyarwa a lise, wato babbar sakandare, a nan Damagaram ta Nijar. A wajenmu abin da kuke nema yana cikin manhaja ƙarara, ɗan ajin ƙarshe yana rubuta falsafa a jarabawar BAC ta kammala sakandare, kuma tsarin rubutun sananne ne: ka kawo ra'ayi, ka kawo kishiyarsa, ka sasanta su. To kar ku yi mana hassada. Yaranmu sun haddace tsarin yadda naku suka haddace matakai biyar. Ko a kan me ka yi tambaya, sunan masanin falsafa Dekart zai fito a shafin farko, na Kant a na biyu, a rufe da cewa kowa yana da tasa gaskiyar. Takarda ta cika, ba a ce komai ba.

Abin da ya fi damuna harshe ne. Yaron da ba ya iya haɗa jimla biyu da Faransanci a aji, ka same shi lokacin kokawar takobin ƙasa yana kare ɗan kokawar jiharsu. Wa ya kayar, a wace shekara, a wane gari, alƙali ya yi son kai ko bai yi ba, har ya kama abokin gardamarsa da cewa ai ɗazu ba haka ka ce ba. Duk abin da nake wahalar koya masa yana yinsa a gindin bishiya ba kuɗi. Harshen lakwal, wato na makarantar boko, shi ne ya ɗaure masa baki, mu kuma muka ɗauka kansa ne babu komai. Don haka minti goman farko da Hausa muke yin gardamar, in ta nuna sai a juya a rubuta a kaye, wato littafin rubutu, da Faransanci. Ba kowane shugaban makaranta yake son haka ba, ni dai ƙofa nake turawa.

'Yan tagar nan bakwai kuma kar ka kore su, aiki suke nema. Dokata a aji ita ce ba ka da izinin musa maganar mutum sai ka maimaita ta da bakinka har mai maganar ya ce e, haka nake nufi. Rabin gardama a nan take mutuwa, don sai a ga ma ba a saurare shi ba. Mai cewa ina hujja a kan 1960, ce masa madalla, jibi kai za ka zo mana da hanyoyi uku na tabbatarwa, ɗaya daga ciki ya zama tsohon da ya ga ranar da idonsa. Sau biyu za ka yi haka. Ko wasan ya mutu, ko ka sami ɗan tarihi.

Malam Mai Alli ya sake rubutawa:

Na dawo da rahoto bayan mako uku. Baba, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa, a gaida mai rubutu, ban ga kuskurenta ba. Na karɓi gyara a kan aku.

Maganar isnadi na ɗauka na haɗa da biron Malama. Babin ra'ayin jama'a da kafofin yaɗa labarai muke, don haka Ɗan Lissafi ya kwantar da hankalinsa, jadawali bai motsa ba. Na tuna musu da asubar nan ta wata Juma'a cikin Agustan 2014, lokacin Ebola, da aka riƙa tashin mutane daga barci ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Cutar ko Kano ba ta zo ba, a Legas ta tsaya sai Fatakwal daga baya, amma gishirin ya kwantar da mutane a asibiti a wurare, har an rasa rai. Yaran suna ƙanana lokacin, wasu dai suna tuna kukan da suka sha a bayi. Aikin gida shi ne kowa ya tambayi babba a gidansu, da lafazin da Baba ya koya mana, wa ya gaya masa, shi kuma wancan wa ya gaya masa, a bi igiyar har inda ta tsinke. Kafin su fita kowa ya rubuta da biro inda yake zaton za ta ƙare. Yawanci likita suka rubuta, ko gwamnati, ko rediyo.

Mutum 54 suka kawo. Uku daga ciki sun kwafi juna, don ba zai yiwu su duka suna da gwaggo ɗaya a Kaduna ba. Sauran muka zana a allo, da Hausa muka yi yadda Mushe ya ce. Igiya mafi tsawo mutum huɗu ce: uwa, daga ƙanwarta, daga maƙwabciya, daga ɗan'uwan mijin maƙwabciyar da yake aiki a asibiti, wanda da aka matsa da tambaya ashe direban motar asibitin ne. Ko ɗaya ba ta kai ga likita mai suna ba.

Wani yaro da ban taɓa jin muryarsa ba ya lura da abin da ni ban lura da shi ba. Ya ce duk waɗanda aka tambaya dalilinsu ɗaya ne na ƙin tsayawa bincike: wanda ya kira su masoyinsu ne, cikin dare ne, kuma gishiri ba shi da tsada. Ya ce, "Malam, ashe ba maƙaryata ne suka yaɗa ba." Baba, a nan ina neman ƙarin haske in jikar ta sami sarari. Ayar fasiƙi ta ambata, mu kuwa iyayenmu mata ne suka kira mu suna kuka. Ban san yadda zan faɗa wa yaro ya binciki labarin da uwarsa ta kawo masa don tsoron kada ya mutu ba.

Ana cikin haka monita ya ɗaga hannu ya ce, "Allah gafarta Malam, akwai ishkali. Kai ka yi wankan?" Na tsaya da alli a hannu. Lokacin digirina sabo ne fil. Na ce na yi, bokiti guda, na sha rabin kofi, na kuma kira mutum shida na tashe su. Sai da malamin ajin kusa ya leƙo saboda dariya. Amma shafin waiwayen da na karanta a makon shi ne na farko da ban ga "tun farko na sani" ba ko sau ɗaya cikin goman da na ɗauka.

Ba wai an gama ba. Biyu daga 'yan taga har yanzu wasa suke. Na sake ba su tambayar Richards, 19 ne suka ɗauki matsaya da dalili, sauran siffofi suka sake jero mini. Wasiƙun El-Kanemi da Bello sai zango mai zuwa, in na sami fassarar da zan iya taƙaitawa a shafi ɗaya.

Shi kuwa ɗan mai hatsi ya koma ya tambayi mahaifinsa, wannan karon bayan isha'i, su biyu. Uban ya ce daga bakin yayansa ya ji tun suna yara, kuma a gaskiya bai taɓa ganin wanda abin ya kashe ba, amma duk da haka ba a haɗa su a gidansa. Jiya yaron ya shigo ɗakin malamai da leda cike da mangwaro, ya durƙusa ya ce in ji Baba, wai a gaida Malam, in ya isa ya sha da lemo. Suna nan a kan teburina, shida ne, lemon ne ban aika an sayo ba tukuna.